Ruwa, yashi, bulo ko gishiri: a ina mai masana'anta a Maraɗi zai ajiye zafin rana?

Mai gidan burodi, mai yin yawur, mai matse man gujiya, mai jima, duk wanda ya zauna ya yi lissafi tsakani da Allah, galibi zai tarar wutar ƙarƙashin tukunya ta fi kuran cin kuɗi. Injin niƙa da firiji da ƙwan fitila su ke shan kuran. Amma dafuwa da suya da gashi da busarwa zafi suke so, kuma daga itace ko gawayi ko gas ko gazuwal yake fitowa. Ba mu kaɗai ba ne. A duniya baki ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da masana'antu ke ci, zafi ake yi da shi, yawanci ta hanyar ƙona kwal da gas da mai. Kowace litar gazuwal da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.7 na iskar kabon, kilon gas kuma wajen kilo 3. Shi ya sa 'yan shekarun nan ake ta ƙera rumbunan zafi: a kama ƙarfin rana ko na iska lokacin da yake da yawa, a zuba shi cikin wani abu mai nauyi, a fito da shi lokacin aiki.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Je gidan burodin gargajiya da dare ka tsaya. Ana cika cikin tanda da itace, a bar shi ya ci har bangon ciki ya yi fari, sannan a janye garwashin da dogon ƙarfe, a ɗaura jiƙaƙƙen buhu a kan sanda a share toka. Lokacin da burodi ke shiga, babu harshen wuta ko ɗaya a ciki. Bulo da laka ne suka sha zafi suke mayarwa sannu a hankali. Zubin farko yakan yi ja da wuri, na uku sai an ƙara masa lokaci. Abin da kamfanonin Amurka da Turai ke sayarwa ke nan, sai dai su wayar kuran ce ke zafafa bulon, kuma sun lulluɓe shi yadda zafin zai kwana bai tsere ba. Ko a can ma tsohuwar hikima ce, don tun 1857 wani injiniyan Ingila, Edward Cowper, ya fito da murhun bulo mai tara zafi don masu narka ƙarfe, kuma har gobe ana aiki da irinsa.

Kafin a tambayi wane rumbu ya fi, sai a tambayi zafi nawa aikin yake so. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Jima da rini da wanke kwanuka, ruwan digiri 40 zuwa 60 ya ishe su. Madarar yawur ana kai ta 85 zuwa 90. Suyar ƙuli-ƙuli tana wajen 170 zuwa 180. Tandar burodi 200 zuwa 250. Masu zubin tukwane sai alminiyam ya wuce 660 kafin ya narke. Murhun siminti irin na Malbaza yana kai 1,450. Rumbu kuwa ba ya ba ka zafin da ya fi nasa, kuma duk abin da ya rage a cikinsa ƙasa da zafin da kake so, a wurinka tamkar babu ne. Tankin ruwa mai digiri 90 dukiya ce ga majemi, ga mai burodi kuwa bai da wani amfani sai na kwaɓa fulawa.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi shi ne kilowat-awa, wanda mitar kuran ke ƙirgawa. Litar gazuwal ɗaya tana ɗauke da kusan 10, kilon gas kusan 13, kilon busasshen itace 4 da ɗan wani abu. Sai dai abin da ke shiga tukunya daban ne. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake isarwa, saura ya bi iska.

Ruwa

Ruwa ne ya fi kowanne riƙon zafi a kowane kilo kan kowane digiri da aka ɗaga shi, kuma shi ne mafi araha. Lita 1,000, wato ton ɗaya, in ka ɗaga ta daga digiri 30 zuwa 90, ta riƙe kilowat-awa 70. Ɗauki Hajiyar da ke dama lita 1,000 ta yawur a rana. Zafin da take buƙata wajen wannan adadin ne. In da gas take yi a buɗaɗɗiyar tukunya, kusan rabin zafin ne ke shiga, ke nan kilo 11 na gas, babban tulu guda saura kaɗan, kullum. Tunda kuma yawancin masu wannan sana'a da garin madara suke damawa, ruwan da za a dama ɗin shi kansa ake iya zafafawa da rana, ba sai an bi wata doguwar hanya ba.

Nan akwai wani abin da masu sayar da allunan sola ba su cika faɗa ba. In ruwan zafi kake so, ba ka buƙatar ka fara mayar da hasken rana kuran. Rana na zuba kilowat-awa 5 zuwa 7 a kan kowace murabba'in mita a ƙasarmu kullum. Allon sola na kuran wajen kashi ɗaya cikin biyar yake kamawa. Na'urar ɗumama ruwa, ko mai baƙin faranti ko mai bututun gilashi, tana kama wajen rabi. Murabba'in mita 25 na irin wannan, da tanki mai kyakkyawar lulluɓa, sun ɗauke wa Hajiya mafi yawan nauyin. Rana ta kai ruwan 70 ko 75, gas ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Kuma wannan fasaha tana da tarihi a Nijar. Ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, an kafa shi tun 1965, kuma ƙarƙashin Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a gida.

Wanda ke kunna gurup duk yini shi ma yana da rumbun da bai sani ba. Daga kilowat-awa 10 na litar gazuwal, wajen 3 ne ke zama kuran. Saura yana fita ta salansa da lagireto. Ruwan lagireto yakan kai digiri 80 zuwa 90, hayaƙin salansa ya wuce 400. Makanike mai hankali da mai walda suna iya haɗa bututun da zai kwashi wani kaso na wannan zafi ya kai shi tanki. Bai kawar da gazuwal ba, amma lita ɗaya ta yi aiki biyu.

Iyakar ruwa ita ce tafasa. In ana son ya wuce digiri 100 sai an rufe shi ruf cikin matsi, kuma tankin da aka haɗa a bakin titi ba a yi shi don haka ba. Ya fashe da tururi, rai ake magana. Sai kuma farin dattin da ruwan rijiyar burtsatse ke barin a cikin bututu, wanda in ba a wanke shi lokaci-lokaci, yakan toshe hanya ya rage zafi.

Batir

Da yawa in aka ce a ajiye ƙarfin rana, batir ne ke faɗo musu a rai. Mu ɗauki mai gidan burodi a misali, mu ce yana son kilowat-awa 200 na zafi kowane dare. Batirin litiyam da ake sa wa gidaje yakan riƙe wajen 5. Ke nan guda 40 zai jera, don kawai ya zafafa tanda. Je ka tambayi kuɗin guda ɗaya ka ninka. Ga shi zafin Afrilu da Mayu na rage wa batir kwana. Batir na fitila ne da injin kwaɓi da fanka, inda dole sai kuran. A ƙona kuran ɗinsa don yin zafi, asarar dukiya ce.

Yashi da dutse

Wannan shi ya fi jan hankalin mutane, kuma ban ga laifinsu ba, tunda yashi na nan jibge a gulbi. Labarin ya fito ne daga ƙasar Finlan. A 2022 wani kamfani mai suna Polar Night Energy ya kafa wani rumbun ƙarfe a garin Kankaanpää, tsayinsa mita 7, faɗinsa mita 4, aka zuba masa ton 100 na yashi. Ana zafafa iska da kuran, ta bi bututun da aka binne cikin yashin har ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, ya riƙe kilowat-awa 8,000. A 2025 suka buɗe wanda ya ninka shi fiye da sau goma a garin Pornainen, da ton 2,000 na niƙaƙƙen dutse, mai riƙe 100,000.

Mu koma kan mai burodinmu. Ton ɗaya na yashi, in an kai shi digiri 550 aka yi ta jan zafi har ya sauko 300, inda daga nan ba zai ƙara zafafa tanda da kyau ba, yana ba da wajen kilowat-awa 55. Ton 4 ko 5 sun isa ke nan a takarda, bai kai cikin tifa ɗaya ba. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yashi ba ya saurin miƙa zafi. Wannan hali shi ya sa yake riƙewa da daɗewa, shi kuma ya sa fitar da zafin ke da nawa. Duba na Pornainen: yana riƙe 100,000 amma 1,000 yake fitarwa a awa, wato sai ya yi awa 100 kafin ya juye abin da ke cikinsa. Su ruwan ɗumama gidaje suke yi da shi, ba su cikin gaggawa. Mai burodi kuwa cikin awa huɗu ko biyar yake son nasa duka. Sai dai ya cika yashin da bututu kusa da kusa, kuma kuɗin ƙarfen da zai jure wannan zafi shi ne ainihin kuɗin rumbun.

Shi ya sa ga mai gaggawa tsakuwa ta fi yashi. In aka cika rumbu da fasasshen dutse mai girman dunƙulen hannu, iska na ratsa tsakaninsu kai tsaye, ta kwashi zafi ta fito. Kamfanin Brenmiller na Isra'ila da fasasshen dutse yake nasa. Sai dai ba kowane dutse ba. Ma'adinin kwaz, wanda ke cikin yawancin yashinmu da farin dutse, yakan kumbura farat ɗaya a digiri 573. A ƙwayar yashi wannan ba wata babbar matsala ba ce, a dunƙulen dutse kuwa tsagewa yake kawowa, yau da gobe ya zama gari ya toshe hanyar iska. Dutsen da ya sha ruwa ma yana iya fashewa ranar farko.

Matsala ta biyu ita ce ƙanƙanta. Zafi ta bango yake tserewa. In ka ninka tsayi da faɗi da zurfin rumbu sau biyu, cikinsa ya ƙaru sau takwas, bangonsa sau huɗu kawai. Don haka babban rumbu ɗan kaɗan yake asara, ƙarami kuwa yakan zubar da kaso mai yawa kafin gari ya waye, sai in an yi masa lulluɓa mai kauri da ulun dutse ko makamancinsa. Soson katifa da ake lulluɓe tankin ruwa da shi, a nan narkewa zai yi. Wanda ya ga bidiyon wani ya binne wayar hita cikin durom ɗin yashi ya ɗauka an gama magana, ya sake tunani.

Bulo

Bulo ya fi yashi ta fuska biyu: yana jure zafi mai tsanani, kuma ana jera shi da ramuka yadda iska za ta bi. Ton ɗaya da aka kai digiri 900 aka sauko da shi 300 yana ba da fiye da kilowat-awa 160, ninki uku na yashi. Mai burodinmu ƙasa da ton 2 zai nema. Kamfanin Rondo na Amurka ya kafa na farkonsa na kasuwanci a 2023 a wata masana'antar itanol da ke garin Pixley na jihar Kaliforniya, mai riƙe kilowat-awa 2,000, kuma bulonsu ana kai shi sama da digiri 1,000. Akwai kuma kamfanin Antora, su da tubalan kabon suke yi, masu zafin da ya fi haka.

Bulon da ake magana ba na siminti ba ne, wannan rugurgujewa zai yi. Ba kuma jan bulon gini ba. Bulon wuta ne, wanda ake yi da wani irin yumɓu na musamman, irin wanda ake shimfiɗa wa cikin manyan murahu. Shi da wayar da ke zafafa shi da na'urar da ke lura da zafin, duk sai an nemo su daga nesa. In waya ɗaya ta ƙone a tsakiyar rumbu, sai an jira kwanaki ya huce kafin a taɓa. A ganina, ga aikin digiri 200 zuwa 300, babu dalilin kai bulo 1,000. A tsaya wajen 600 zuwa 700, a ƙara yawan bulon, wayoyi su daɗe, lulluɓa ta yi sauƙi.

Masu suya suna da wata hanya a tsakani, wato man ɗaukar zafi. Wani mai ne na musamman da ke kai wajen digiri 300 ba tare da matsi ba, a zagaya da shi ƙarƙashin kaskon suya. Yana ba da zafi daidai wa daida, ƙuli-ƙuli ba ya ƙonewa ta gefe ɗaya. Amma mai ne, in ya yi yoyo kusa da wuta an san sauran, kuma da tsada, don haka a yi shi ɗan aike tsakanin rumbun dutse da kasko, kada a cika tanki da shi.

Gishiri

Ba zan daɗe a nan ba. Ba gishirin Bilma ba ne, ba kanwa ba. Haɗin gishirin naitret iri biyu ne, kashi 60 na sodiyam da 40 na fotasiyam, wanda ake narkarwa ya riƙa gudana tsakanin digiri 290 da 565. In ya sauko wajen 220 zuwa 240 sai ya daskare a cikin bututu, don haka dole kullum a riƙa ɗumama bututun, ko ana aiki ko ba a yi. Maroko na amfani da shi a tashar Noor mai samar da kuran da zafin rana a garin Warzazat, kuma ko can, tashar Noor ta uku ta tsaya a 2024 fiye da shekara saboda tankin gishirin ya yi yoyo. Abin da ya tsayar da tashar da ke da injiniyoyi dare da rana, ba shi ne za a kawo wa ƙungiyar mata masu man gujiya ba.

Da me za a cika rumbun?

Wannan tambayar ta fi ta rumbun kansa nauyi. A Kaliforniya da Finlan rumbun zafi na biyan kuɗinsa ne don akwai lokutan da kuran ke yin yawa, da tsakar rana ko daren da iska ke kaɗawa, har farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Mu ba mu da wannan. Kuran ɗin Maraɗi yawanci ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, kuma kowa ya tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulki, aka yi watanni cikin ƙarancinsa. Ga shi mafi yawan kuran ɗin Najeriya da gas ake yin sa, to batun rage hayaƙi ma bai taka kara ya karya ba. A cika rumbu da gurup kuwa ya fi komai muni: lita ta ba ka 3, alhali da ka ƙona ta kai tsaye a tukunyar tururi mai kyau da ka samu 8.

Saura allunan sola naka na kanka. Kilowat ɗaya na allo yana ba da kilowat-awa 4 da rabi zuwa 5 a rana a nan. Mai son 200, da lissafin asara, sai ya kafa wajen kilowat 50, allo 90 ke nan masu wat 550, fili wajen murabba'in mita 250. Wannan shi ne babban kuɗin, ba yashi ko bulo ba. Mai gidan burodin da ke tsakiyar gari cikin lungu ba shi da wannan rufin. Wanda ke bakin gari, ta hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa, yana iya samu. Abin daɗin shi ne wayar zafi ba ta da tsirfa, tana shan kuran ɗin allo kai tsaye, ba sai da batir ba.

Akwai masu cewa a yi amfani da madubai masu tattara hasken rana wuri ɗaya. Suna aiki, amma sai rana ta fito tas. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya sauko, madubi kusan zaman banza yake, alhali allon sola na ci gaba da kama wani abu. Dukansu kuma sai an riƙa share musu ƙura.

Ban yarda a yi wannan kwatance a bar ɓawon gujiya a waje ba. Kilo ɗaya nasa na ɗauke da zafi kusan daidai da na itace, yana zaune a buhu wata da watanni bai rage komai ba, kuma kabon ɗin da ya saki shukar baɗi za ta sake sha. Ga mai matse mai, wanda ɓawon ke taruwa a ƙofarsa, tukunyar tururi ko murhu mai kyau da aka gina don ɓawo ya fi kowane rumbun kuran sauƙin kai wa. Yana kuma sauƙaƙa wa dajin Baban Rafi, da gawo da sauran itatuwan da manoman wannan jiha suka yi ta raino a gonakinsu tun shekarun 1980. Aibinsa toka da hayaƙi in murhun bai da kyau, sannan masu kiwo su ma suna nemansa, farashinsa ba zai zauna wuri ɗaya ba. Karan dawa da na gero kuwa a bar wa gona da dabbobi.

To, in mai masana'anta ya ce in zaɓa masa, ga yadda zan yi. Duk aikin da bai kai tafasa ba, tankin ruwa da na'urar ɗumama ruwa, ba tare da wani dogon tunani ba. Mai man gujiya ya fara da ɓawo. Mai burodi ko mai suya da ke da fili da jari, rumbun bulo ko na dutse da allunansa, amma bayan ya gyara tandar da yake da ita, ya sa mata ƙofa mai rufuwa da lulluɓa, don kowane kilowat-awa da ya hana tserewa ya rage masa kuɗin allo. Yashi zalla ya fi dacewa da busar da kaya, inda iska mai ɗumi ake so a hankali na tsawon lokaci.

Duk wanda ya zo maka da tallar rumbu, kada ka tsaya kan yawan abin da yake riƙewa. Tambaye shi zafin da ke fitowa a awa ta ƙarshe ta aiki, ba ta farko ba. Tambaye shi nawa yake asara daga la'asar zuwa asuba. Tambaye shi in fanka ko waya ta lalace, a Maraɗi za a samu, ko Kano, ko sai an jira jirgin ruwa. Kuma ko an kafa, kada ka cire murhun gas ko na ɓawo. A bar shi a haɗe, don a watan Agusta ana iya kwana biyu ko uku a jere hadari bai bar rana ta cika rumbun ba, masu shayi kuwa suna jiran burodinsu da asuba.